Babi na Shida: Kafin Katafila Ta Hau Dutse

Binciken kayan gado a kan duwatsu aiki ne da ake yi da ƙafa, tun kafin injin farko ya iso. Idan kamfani ya sami izinin neman ma'adinai a wani yanki, ko gwamnati ta ja layin sabuwar hanya a kan taswira, sai a tura masana su taka wurin, su rubuta duk abin da mutanen da suka bari da abin da mutanen yanzu suke girmamawa: kufai, makabartu, wuraren narkar da tama, zane a jikin dutse da wuraren bautar gargajiya. Da rahotonsu ake yanke abin da za a kauce wa, da abin da za a haƙo a adana, da abin da za a sallama bayan an ɗauki bayaninsa. A arewacin Kamaru aikin yana da nauyi na musamman, domin dutsen da injiniya ke so ya fasa don tsakuwa da siminti, da wanda mai neman ma'adinai ke so ya huda, sau da yawa shi ne dutsen da wata al'umma ta zauna a kansa shekaru aru-aru.

Ba sai an yi nisa da Garwa ba za a ga inda buƙatun biyu suke haɗuwa. A unguwar Roumdé Adjia akwai babban filin wasa da aka gina a 1978, aka sake gyara shi domin gasar cin kofin ƙasashen Afirka wadda aka buga a farkon 2022, inda Najeriya ta ci Masar 1 da nema. Filin wasa da tituna da masaukan baƙi duk suna cin tsakuwa da yashi da jar ƙasa da siminti, kuma ba a tsakiyar gari ake samun ko ɗaya ba. Daga tsaunuka da rafukan da ke kewaye tifofi ke kwaso su. A arewa da birnin kuwa duwatsun Tinguelin ne suke tsaye da shimfiɗaɗɗen kansu, tsohon mazaunin Falawa. Duk ƙaruwar da Garwa ta yi, kusantar gindin waɗannan duwatsu take yi.

Abin da duwatsun suka ɗauka

An daɗe ana cewa gudu ne ya kai mutane kan duwatsun arewacin Kamaru, kuma akwai gaskiya a ciki. Dawakan Borno da na Wandala sun yi ta kai hare-haren neman bayi, sannan bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu a 1809, masarautun Fulani suka kafu a kwarin Binuwai da filayen da ke kewaye. Littafin da aka riƙa rubuta wa Hamman Yaji na Madagali tsakanin 1912 da 1927 ya nuna cewa har cikin ƙarni na 20 ana kai irin waɗannan hare-hare a duwatsun Mandara. Amma haƙar tarihi ta tabbatar da cewa an zauna kan duwatsun tun kafin wannan zamani, kuma zama ne na gini da noma da ƙira, wanda ya wuce na ɗan gudun hijira. Mafawa da Mofu da Podoko da Kapsiki sun sassaƙe gangarorin Mandara zuwa gonaki masu matakala, kowace da katangar dutse mai tare ƙasa da ruwa. Daga baya Turawan mulkin mallaka, da gwamnatin Ahmadu Ahijo bayan 1960, suka matsa wa mutanen duwatsu su sauko fili. Da yawa sun sauko, suka bar gidaje da kaburburan iyaye a sama. Shi ya sa dutsen da baƙo zai ɗauka fanko ne yakan kasance da masu shi a ƙauyen da ke gindinsa, waɗanda har yau suke hawa idan lokacin wata al'ada ya zo.

A ƙasar Falawa, Jean-Paul Lebeuf ya rubuta littafi kan tsarin gidajensu a 1961, Jean-Gabriel Gauthier kuma ya fitar da sakamakon haƙe-haƙensa a 1979, ciki har da makabartun da aka binne mamata a cikin manyan randuna. A kwarin Binuwai, Nicholas David ya haƙa tuddan tsofaffin garuruwa a Bé da Douloumi da Nassarao a ƙarshen shekarun 1960. Abin da ya fi duka fice shi ne gine-ginen Diy-Gid-Biy da ke kusa da Koza a duwatsun Mandara: wurare 16 masu dakali da matakala da lunguna, an jera su da dutse zalla babu laka, tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Sai a farkon shekarun 2000 aka soma yi musu bincike mai zurfi, kuma a watan Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kamar yadda ta sa Sukur da ke tsallaken iyaka a jihar Adamawa ta Najeriya tun 1999. Tarihin baya-bayan nan ma yana kan dutse. A saman dutsen Mora sojojin Jamus ƙarƙashin Ernst von Raben suka yi tirjiya daga 1914 har zuwa Fabrairun 1916.

Yawancin abin da mai bincike ke tararwa bai kai waɗannan girma ba. Da'irar duwatsu ce da ta rage daga harsashin ɗaki ko gindin rumbu, ko ramukan niƙa da suka lotsa a jikin fa, ko tarin kashin tama inda maƙera suka narkar da ƙarfe, ko tsingaro warwatse a gona. Direban katafila ba zai ga komai a nan ba sai duwatsu da ciyawa, kuma ba laifinsa ba ne, domin ba a koya masa gani ba.

Bidzar

Misalin da ya fi bayyana matsalar yana kan babbar hanyar Garwa zuwa Marwa, arewa da Figuil, a ƙasar Gidar. A ƙauyen Bidzar akwai shimfiɗaɗɗun fararen duwatsu na mabul da suka leƙo daga ƙasa, a jikinsu kuma an sassaƙa zane kusan 500, galibi da'irori ne, wasu a cikin wasu, wasu a manne da juna. Wani Bafaranshe mai suna Buisson ne ya fara ba da labarinsu a 1933, sannan Alain Marliac ya auna su ya zana su, ya fitar da littafi a kansu a 1981. An ƙiyasta shekarunsu tsakanin 300 da 3000. Faɗin wannan tazara yana da dalili: sassaƙa a jikin dutse ba ta barin gawayi ko ƙashi da za a kai ɗakin gwaji.

Dutsen da aka yi zanen a kansa shi ne kuma arzikin yankin. Mabul ɗin Figuil da Bidzar shi masana'antar siminti ta Cimencam da kamfanin Rocaglia mai sarrafa mabul suke dogaro da shi, kuma da simintin Figuil aka gina wani babban ɓangare na garuruwan arewacin Kamaru. Babu mai hankalin da zai ce a daina yin siminti. Amma haƙar dutsen ta soma ne a zamanin da babu dokar da ta tilasta a binciki wuri kafin a fasa, saboda haka sai kariya ta biyo bayan aiki. An kewaye wani sashe na zanen, kuma a ranar 18 ga Afrilu 2006 Kamaru ta sa Bidzar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su, tare da ambaton barazanar masana'antun. Da an yi taswirar kowane fa mai zane kafin a raba filayen haƙa, da ware 'yan kadada kaɗan ya wadatar, kamfanoni su ci gaba da aikinsu a sauran. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Fa ɗin da nakiya ta riga ta tarwatsa, babu kuɗin diyyar da zai mayar da shi.

Inda ɓarnar take farawa

Mutane sukan zaci sai an buɗe mahaƙa ɓarna ke farawa, alhali tun matakin nema take somawa. Kamfanin da ke neman ma'adinai yana buƙatar hanyar da mota za ta kai injin huda dutse saman tsauni. Yana share dandamali a duk inda injin zai tsaya, yana yanka dogayen ramuka don ganin jijiyar dutse, yana kafa sansani da wurin ajiye mai. Kowane ɗaya ƙaramin aiki ne, kuma saboda ƙanƙantarsa ake yawan yin sa ba tare da an duba wurin ba. Daga cikin wuraren da ake nema, kaɗan ne suke zama mahaƙa, sauran kamfani ya tattara ya tafi, hanyar da ya yanka ta zauna. Ta ita masu saran itace da masu fasa dutse da masu sayen kayan tarihi a ɓoye suke samun hawa.

A Kitongo kusa da Poli, Jamusawa sun binciki yuraniyom a shekarun 1970 da 1980, sannan kamfanin Mega Uranium na Kanada ya dawo da bincike bayan 2007. Duwatsun Poli mazaunin Dowayo da Dupa ne, kuma a al'adar Dowayo ana ajiye ƙoƙunan kan magabata a keɓantaccen wuri, masu roƙon ruwa kuma suna da duwatsunsu na musamman a kan tsauni, kamar yadda Nigel Barley ya bayyana a rubuce-rubucensa na 1983. Irin waɗannan wurare ba sa fitowa a hoton tauraron ɗan'adam. A kudu, a jihar Adamawa ta Kamaru, ma'adinin bauxite na Minim-Martap da Ngaoundal a saman tuddai yake kwance, kuma ana haƙar sa ne ta hanyar yaye kan tudun gaba ɗaya.

Gina hanya ma haka yake. Ita kanta hanyar siririya ce, kuma idan tsohuwa ake gyarawa, kamar hanya ta 1 da ta ratsa Ngaundere da Garwa da Marwa zuwa Kuseri, ƙasar da ke ƙarƙashinta an riga an dagula ta. Haɗarin yana gefe: ramukan da ake ɗibar jar ƙasa, wuraren fasa dutse, hanyoyin ratse na wucin gadi, da sansanin ma'aikata. Ɗan kwangila yakan zaɓi waɗannan wurare bayan an gama rahoton muhalli an sa hannu, don haka sukan faɗa wajen yankin da aka bincika. Tudun tsohon gari kuwa, da yake ya ɗara fili tsawo kuma ƙasarsa a tattare take, yana jan idon mai neman ƙasar ciko.

Abin da doka ta ce

Kamaru ta kafa dokar kare kayan gado ta 30 ga Yuli 1991, da dokar muhalli ta 5 ga Agusta 1996 wadda ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka. Dokar 18 ga Afrilu 2013 ta ƙara fayyacewa, ta ce manyan ayyukan gini da haƙa sai an fara yi musu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa. Dokar ma'adinai ta Disamban 2023, wadda ta gaji ta 2016, ita ce take tsara izinin nema da na haƙa. Manyan ayyukan arewa na farko, irin su madatsar ruwa ta Lagdo da aka kammala a 1982, sun riga duk waɗannan dokoki. Masu ba da bashi ma suna da nasu sharuɗɗa: Bankin Duniya da reshensa mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu kowanne yana da ƙa'ida ta 8 kan kayan gado, kuma a aikace tsoron rasa bashi ya fi tsoron tara sa kamfani ya bi doka.

Takardar izini kaɗai ba ta isa kariya ba. A watan Mayun 2020 kamfanin Rio Tinto ya fasa kogunan dutse na Juukan a yammacin Ostireliya, inda mutane suka zauna tun shekaru 46,000 da suka wuce. Kamfanin yana da izinin hukuma tun 2013, masu wurin kuma sun nuna rashin amincewarsu. Fushin jama'a ya sa shugaban kamfanin ya sauka daga muƙaminsa.

Yadda ake gudanar da binciken

Aikin yana farawa da takarda: tsofaffin taswirorin Jamusawa da Faransawa, rahotannin masana da suka gabata, hotunan sama, da taswirar aikin da kamfani ya bayar. Daga nan sai gaisuwa. Ba a shiga ƙasar wani lamiɗo sai an je fada, daga fada zuwa lawan, daga lawan zuwa jauro, kuma a wurare kamar Rai Buba wanda ya tsallake wannan mataki ba zai yi aiki ba sam. Sai dai sarkin da ke da ikon mulki ba lallai ne ya zama mai ilimin dutsen ba. Sau da yawa wani dattijo ne daga zuriyar da ta fara zama a wurin, ko maƙeri, wanda a wurin Mafawa shi ne ma mai binne gawa, ko tsohuwa mai ginin tukwane da ta san inda ake ɗibar yumɓu. Binciken da ya tsaya a zauren jauro rabin labari yake samu. Harshe ma yana da nasa tasiri, domin Fulatanci da Faransanci da Hausa suna isar da mutum kasuwa, amma sunayen wurare masu alfarma da harshen dutsen ake faɗarsu.

Lokacin tafiya shi ne rani, daga Disamba zuwa Maris, bayan an girbe dawa kuma ciyawa ta bushe ko ta ƙone, ƙasa ta fito fili. Da damina ciyawa takan fi mutum tsawo, daga ƙarshen Maris kuma zafin Garwa yakan haura digiri 40. Masu binciken sukan jeru da tazarar mita 10 zuwa 20 tsakaninsu, su bi layin aikin ido a ƙasa. A kan gangare wannan jeri ba ya yiwuwa, sai a bi matakalan gonaki, da bakin maɓuɓɓuga, da ƙarƙashin manyan duwatsu masu inuwa, da wuyan tsauni inda tsofaffin turbobi suke ƙetarewa. Duk abin da aka gani sai a ɗauki lambar wurinsa da na'urar GPS, a ɗauki hoto, a auna faɗinsa. Inda ake zaton akwai abu a binne, sai a haƙa ɗan rami mai faɗin mita 1, a tankaɗe ƙasarsa, a ware gawayi domin gwajin shekaru.

Bayan haka sai tantancewa, kuma nan ne hukunci yake da wuya. Makabarta da wurin bauta da zanen dutse, ƙa'ida ita ce a kauce musu, kuma karkata hanyar bincike da 'yan mitoci tun tana kan taswira ba ya cin wani kuɗi mai yawa. Tsohon mazauni mai zurfin ƙasa da ba a iya kauce wa ba, a haƙe shi a tsanake kafin injin ya zo. Tsingaro 'yan kaɗan da ruwa ya gangaro da su, a rubuta a wuce. Idan tashin kabari ya zama dole, da yardar iyalai ake yi, bisa addininsu da al'adarsu. Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya duk sun haɗu a kan alfarmar kabari, kuma kare wurin bautar wani ba ya nufin yarda da abin da yake bauta wa. Haƙƙin maƙwabci ne.

Akwai wuraren da masu su ba sa yarda a faɗi inda suke, musamman wuraren kaciya da shigar samari cikin manya. Hanyar da ta fi dacewa ita ce dattawa su shata iyaka mai faɗi su ce kada a shiga, ba tare da an tilasta musu bayyana abin da ke ciki ba. Haka nan lambobin wuraren da aka gano ba a sa su cikin rahoton da kowa zai karanta, don kada rahoton ya zama jagorar ɓarayi.

Mataki na ƙarshe shi ne sa ido yayin aiki. Mai bincike yana bin bayan katafila, kuma akwai ƙa'ida rubutacciya: wanda ya ci karo da tukunya ko ƙashi ya dakata, a kewaye wurin, a kira masani. Aikin bututun mai daga Komé a Chadi zuwa Kribi, mai tsawon kilomita 1,070, wanda ya ratsa gabashin jihar Arewa ta Kamaru ta yankin Touboro, ya gwada amfanin wannan tsari. Tsakanin 1999 da 2004, tawagar da ta haɗa da Philippe Lavachery da Scott MacEachern da Tchago Bouimon da Christophe Mbida ta gano wurare sama da 450 da ba a san da su ba, daga zamanin makaman dutse zuwa na ƙarfe, kuma da yawa daga cikinsu sai da aka yaye ƙasa suka bayyana. An buga sakamakon a littafi a 2010.

Abubuwan da suka rage

Kamfani ne yake biyan kuɗin binciken, wanda daidai ne, amma hakan yana sa mai binciken cikin matsi idan abin da ya gano zai jinkirta aiki. Maganin shi ne ma'aikatar al'adu ta duba rahoton da kanta, ta kuma sami motar da man da za su kai jami'anta wurin. Masu haƙar zinariya da hannu a Mayo-Rey da kewayen Tcholliré, da masu fasa dutse da guduma a bakin garuruwa, ba sa rubuta rahoton muhalli, don haka a nan ilimin jauro da na 'yan ƙauye shi ne kaɗai mai gadi. Rikicin Boko Haram kuma ya hana masana zuwa sassa da yawa na Mandara tun wajen 2014.

Sai maganar ajiya. Abin da aka haƙo yana buƙatar ɗaki mara yoyo, da rajista, da mai kula, in ba haka ba lambobin da ke kan buhuna su goge, kayan su koma tarkacen da ba a san asalinsa ba. Jami'o'in Ngaundere da Marwa suna horar da ɗalibai a fannin tarihi da kayan gado, kuma an kafa jami'ar Garwa a 2022. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata kwafin kowane rahoto da taswirar wuraren da aka gano su zauna, tare da wani kwafi a hannun ƙauyen da aka yi aikin a ƙasarsa, cikin harshen da mutanensa suke karantawa, domin kamfani na gaba da zai nemi izini a kan dutsen ya tarar da bayanin a ajiye.